Filin Tambayoyinku: Kallon Dokumentarin Da Suka Ci Kambu A Duniya

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da na ɗan taɓa zancen zuwa kallon dokumentari, wato fim ɗin da ke nuna mutane da abubuwan da suka faru da gaske, a majigi a fitowar da ta gabata saƙonni suka yi ta shigowa kamar an buɗe famfo, wasu tambaya, wasu musu, wani ma zagina ya yi a fakaice wai na mayar da fili na 'yan boko. Na gode dai. Na tsamo guda shida, sauran ku yi haƙuri sai wani jiƙon.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni fa abun da ke ɗaure min kai, duk fostar dokumentarin da za a haska sai ka ga an jera wasu ganyayyaki a sama an ce wai ya ci kambun duniya. Wai wane kambu ne haka kowa ke ci? Ko duk talla ce kawai? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Ƙanena ka yi tambaya mai kyau, kuma rabin zarginka gaskiya ne. Waɗannan ganyen da kake gani ba duka ne kambu ba. Matsa kusa da fostar ka karanta abun da aka rubuta a tsakiyarsu. Da yawa cewa kawai suke an zaɓi fim ɗin an nuna shi a bikin fina-finai kaza, wato ya samu shiga, bai ci komai ba. Wasu kuma cewa suke ya shiga jerin 'yan takara. Wanda ya ci ɗin shi ne za ka ga an rubuta sunan kyautar da shekarar ƙarara. Sannan bukukuwan ma ba ɗaya suke ba, akwai manya akwai waɗanda ko sunansu ba wanda ya taɓa ji, kana biyan kuɗin shiga su turo maka ganyenka ka manna.

Wanda kowa ya sani shi ne Oscar na Amurka. A wajensu dogon fim shi ne wanda ya wuce minti 40, kuma hanyar da aka fi bi ta shiga takara ita ce a haska shi a sinima na kwana bakwai a ɗaya daga cikin wasu manyan biranen Amurka, ka ga tun daga nan wanda ba shi da kuɗi ko mai tsaya masa an bar shi a tasha. Amma su 'yan harkar kansu idan suna zancen dokumentari, bikin IDFA na Amstadam suke fara ambata, wanda aka fara a 1988 kuma ana yinsa duk watan Nuwamba, sai Hot Docs na Toronto a Kanada da aka fara a 1993, sai Sundance a Amurka da ke buɗe shekara a watan Janairu. Akwai kuma abun da ya fi wuya, wato dokumentari ya shiga gasa ɗaya da fina-finan labari masu manyan jarumai ya kayar da su. A Cannes ta Faransa sau biyu kacal aka yi haka, a 1956 da fim ɗin Jacques Cousteau da Louis Malle kan rayuwar ƙarƙashin teku, sai 2004 da Fahrenheit 9/11 na Michael Moore. A bikin Balin ta Jamus kuwa abun ya ɗan yawaita, Fire at Sea ya ci a 2016, On the Adamant a 2023, Dahomey a 2024.

Abu ɗaya da nake so ka riƙe, a irin waɗannan bukukuwa alƙalan ba su da yawa, mutane ne 'yan ƙalilan da ba su cika wuce yatsun hannu ba, su zauna a ɗaki su yi gardama su fitar da gwani. Da an canza mutum biyu a cikinsu wataƙila da wani fim ɗin ne zai ci. To ni kambu a wajena kamar aboki ne mai ɗanɗano ya ce maka je ka kalli wannan. Zan je, amma da idona zan kalla.

Tambaya: Yaya don Allah raba mu gardama da maigidana. Shi ya dage wai duk dokumentari shiri ne kamar sauran fina-finai, ni kuma na ce tunda har an ba shi lambar yabo ai an tantance gaskiya ne. Wa ya fi gaskiya? Daga wata uwargida.

Amsa: Hajiya ki yi haƙuri, yau ba zan ba ki duka ba, shi ma Alhaji ba zan ba shi duka ba. Alƙalan gasa ba 'yan binciken ƙwaƙwaf ba ne, ba sa zuwa ƙauyen da aka ɗauki fim su tambaya ko haka aka yi. Abun da suke dubawa shi ne yadda aka ɗauka, yadda aka haɗa, da yadda ya taɓa su. Saboda haka lambar yabo ba hatimin gaskiya ba ce.

Kuma wannan rigimar ta girmi ni da ke. Fim ɗin da ake yawan kira kakan dokumentari shi ne Nanook of the North na Robert Flaherty, 1922, kan wani mafarauci ɗan ƙabilar Inuit a arewacin Kanada. Mutumin ma ba Nanook ne sunansa ba, Allakariallak ne. A rayuwarsa ta yau da kullum da bindiga yake farauta, amma darakta ya sa shi ya ɗauki mashi irin na kakanni don ya fi kyau a ido. Ɗakin ƙanƙarar da aka nuna iyalin suna kwana a ciki, gina shi aka yi musamman da gefe ɗaya a buɗe saboda kyamarar lokacin ƙatuwa ce kuma tana buƙatar haske. Kin ga Alhaji ya samu maki.

Amma fa cewa duk shiri ne shi ma ya yi yawa. Inda aka fi yin aikin shi ne wajen edita. Mutum zai ɗauki awa ɗari biyu ko fiye ya matse su zuwa awa ɗaya da rabi, to wa ya zaɓi abun da za a bari da abun da za a zubar? Wa ya sa kiɗan tausayi daidai lokacin da tsohuwa ta sunkuyar da kai? Ba wanda ya yi ƙarya a nan, tsohuwar ta sunkuyar da kan da gaske, amma wataƙila a lokacin ƙasa take dubawa don wani abu ya faɗi. Masu gaskiya a cikinsu ba sa ɓoye hannunsu. Man on Wire da ya ci Oscar a 2009, kan Philippe Petit da ya yi tafiya a kan igiya tsakanin tagwayen benayen New York a 1974, ya sa 'yan wasa sun kwaikwayi yadda suka saci jiki suka hau benen, kuma mai kallo yana gani ya san kwaikwayo ne. Inda mutane suka yi ca shi ne irin abun da ya faru a 2021 da fim ɗin Roadrunner, da aka yi amfani da kwamfuta aka ƙirƙiri muryar marigayi Anthony Bourdain, mai dafa abinci kuma mai gabatar da shirin talabijin da fim ɗin ke ba da labarinsa, tana karanta wasu kalamai da ya rubuta amma bai taɓa faɗa da baki ba, kuma ba a gaya wa masu kallo ba sai daga baya darakta ya faɗa a hira. Wannan shi ne layin a wajena, ka yi dabararka amma kar ka ɓoye min.

In kuna kallo tare nan gaba ku tambayi kanku, wa ke riƙe da kyamarar, wa ya ba da kuɗin, kuma waye aka yi ta zancensa amma ba a ba shi dama ya yi magana ba. Gardamar za ta fi daɗi.

Tambaya: Malam muna da ƙungiya ta matasa, muna so mu riƙa haska irin waɗannan fina-finan duk wata kyauta ba tare da karɓar ko sisi ba. Wani a cikinmu ya ce sai mun nemi izini, ni kuma na ce tunda ba sayarwa za mu yi ba ai sauke shi kawai za mu yi daga intanet mu haɗa furojekta. Ya abun yake?

Amsa: Abokin naka ya fi ka gaskiya ɗan'uwa, kuma na san ba haka ka so ji ba. Kallon da ka biya wa kuɗi a wayarka ko faifan da ka saya, na kai da iyalinka ne a cikin gida. Da zarar ka tara jama'a a zaure ko a fili ka haska, ya zama nunawa ga jama'a, kuma wannan haƙƙi ne daban da yake hannun mai fim ko kamfanin da ke rarraba shi, ko ka karɓi kuɗin ƙofa ko ba ka karɓa ba. In kuma daga shafin 'yan satar fasaha ka sauke to laifi biyu kenan.

Amma kar wannan ya kashe muku gwiwa, don neman izinin bai kai wahalar da kuke zato ba. Kusan kowane irin wannan fim yana da shafinsa a intanet, kuma a ciki za ka ga inda aka ce a tuntuɓe su don shirya haskawa. Ku rubuta musu gajeren saƙo, ku faɗi ko ku su waye, mutum nawa kuke sa rai, a ina, yaushe, kuma kyauta ne. Wasu za su yanka muku kuɗin haskawa na dare ɗaya, wasu su rage, wasu su ce ku je ku yi kawai ku turo mana hotuna, musamman fina-finan da dama an yi su ne don a tayar da magana kan wata matsala, irin waɗannan har takardar tambayoyin tattaunawa suke haɗowa da ita. Netflix ma ta ba da damar a haska wasu daga cikin dokumentarinta sau ɗaya don ilimantarwa in dai ba kuɗi za a karɓa ba, amma ba duka ba, sai ka duba ko fim ɗin yana cikin jerin. Sannan cibiyoyin al'adu irin su Goethe-Institut na Jamus da Institut français na Faransa suna da rumbun fina-finan da suka riga suka biya haƙƙinsu, kuma haɗa kai da ƙungiyoyi irin taku na cikin aikinsu.

Ta ɓangaren kayan aiki, ku faɗa musu tun farko cewa furojekta da laftof gare ku. Manyan sinimomi suna karɓar fim ne a wani tsari da ake kira DCP, wanda sau da yawa a kulle yake zuwa sai an turo mabuɗin da ke aiki na wasu kwanaki a kan na'ura ɗaya tak, wannan ba zai buɗu a laftof ɗinku ba ko za ku kwana kuna dannawa. Fayil na yau da kullum za ku nema.

Sai abun da ya taɓa cin mutuncina. Na taɓa shiga cikin masu shirya wata haskawa, mun yi wahala mun samo izini, mun ari allo mai kyau, zaure ya cika har wasu na tsaye a bango. Ba wanda ya gwada fim ɗin daga farko zuwa ƙarshe, minti biyar na farko kawai muka duba muka ce lafiya lau. Ana kaiwa wajen minti ashirin sai fassarar da ke ƙasan allo ta fara jan ƙafa, mutum ya gama magana ya fita daga ɗaki sannan maganarsa ta bayyana a ƙarƙashin fuskar wani, har aka kai inda wata mata ke kuka a gaban kabari rubutu kuma yana nuna zancen wani da ke cinikin mota. Wani yaro a gaba ya fashe da dariya, shikenan zaure ya ɗauka. Ni ina tsugune a bayan laftof gumi na karyo min, ina danna maɓallin da ban ma san aikinsa ba. Tun daga ranar na ɗauki darasi, a kalli fim ɗin gaba ɗaya a kan na'urar da za a yi amfani da ita, a ɗakin da za a yi, kwana ɗaya kafin ranar. Kuma ku fi kashe ƙarfinku a kan sifika fiye da allo, mutane za su jure hoto mai ɗan duhu amma ba za su jure maganar da ba sa ji ba.

In kuna son ganin 'yan'uwanku a wannan wahalar, ku nemi Talking About Trees na Suhaib Gasmelbari, wanda ya ci kyautar dokumentari a Balin a 2019. Wasu dattawa huɗu ne 'yan fim a Sudan, abokan juna na shekara da shekaru, suka ƙudiri sake buɗe wata tsohuwar sinima marar rufi a Omdurman bayan sinimomin ƙasar sun mutu a zamanin al-Bashir. Suna share kujeru, suna wanke allo, suna bin ofis-ofis neman takarda, jami'an tsaro na ta juya su. Har fim ɗin ya ƙare ba su samu izinin ba. Ni da shi zan so ku buɗe.

Tambaya: Me ya sa fim zai ci kambu duniya ta ɗauka, amma ka neme shi sama ko ƙasa ka rasa inda za ka kalla?

Amsa: Dalili biyu ne galibi, kasuwa da siyasa. Na kasuwa shi ne fim yakan yi shekara guda yana zagayen bukukuwa kafin a sake shi, don manyan bukukuwa suna son a ce a wajensu aka fara nunawa, in ka riga ka sa shi a intanet ba za su karɓa ba. Bayan nan kuma ƙasa-ƙasa ake sayar da haƙƙinsa, in ba kamfanin da ya saya don yankinku sai ka buɗe shafi a ce maka ba a nuna wannan a inda kake.

Na siyasa kuwa ga No Other Land nan. Mutum huɗu suka yi shi, Falasɗinawa biyu Basel Adra da Hamdan Ballal da 'yan Isra'ila biyu Yuval Abraham da Rachel Szor, kan rushe gidajen mutanen Masafer Yatta a Yammacin Kogin Jodan. Ya ci kyautar dokumentari a Balin a 2024, ya ci Oscar a Maris 2025, amma har daren da ya ci ɗin babu wani babban kamfanin rarrabawa a Amurka da ya ɗauke shi, su da kansu suka riƙa bin sinimomi ɗaya bayan ɗaya. A Miami Beach ma magajin gari ya nemi a kori wata ƙaramar sinima daga ginin gwamnati saboda ta haska shi, sai da aka yi masa ca ya janye. Haka The Act of Killing na Joshua Oppenheimer, 2012, kan kisan gillar da aka yi a Indonesiya a 1965 zuwa 1966, inda waɗanda suka yi kisan da kansu suke kwaikwayon yadda suka yi suna alfahari. A can Indonesiya a ɓoye aka fara nuna shi, da gayyata, ƙungiya-ƙungiya, daga baya aka sake shi kyauta a intanet don 'yan ƙasar. In ka tsaya ka karanta sunayen ma'aikata a ƙarshensa za ka ga da yawa ba a sa sunansu ba saboda tsoro. Irin waɗannan fina-finan ƙananan haskawa irin wadda mai tambaya na sama ke son yi su ne suka riƙe su.

Tambaya: Malam ni fa na gaji. Duk wanda na je kallo yaƙi ne ko yunwa ko gawa, musamman in na Afirka ne. Sai an nuna wahalarmu ake ba da kambu? Daga wata malamar makaranta.

Amsa: Malama ban ga laifinki ba, kuma su kansu masu shirya fim na Afirka sun daɗe suna wannan ƙorafin, cewa kuɗin yin fim daga waje yake zuwa kuma mai kuɗi yana da irin labarin da yake son ji. Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Summer of Soul da ya ci Oscar a 2022 kiɗa ne da rawa daga wani biki da baƙaƙen fata suka yi a Harlem a 1969, kaset ɗin suka yi wajen shekara 50 a ajiye ba wanda ya waiwaye su. Searching for Sugar Man da ya ci Oscar a 2013 labarin wani mawaƙi ne a Detroit da yake aikin leburanci bai san cewa a Afirka ta Kudu shi babban tauraro ba ne.

Wanda na fi so ki nema shi ne Dahomey na Mati Diop. Minti 68 ne kacal. Ya bi kayan tarihi 26 na masarautar Dahomey da sojojin Faransa suka kwashe a 1892 aka mayar da su Benin a Nuwamba 2021, tun daga yadda ake naɗe su ana sa su a akwati, har ta ba gunkin Sarki Ghezo murya yana magana da harshen Fon daga cikin duhun akwatin. Amma inda fim ɗin ya kama ni shi ne da ta ajiye kyamara a gaban ɗaliban jami'ar Abomey-Calavi ta bar su suna gardama. Wannan ya ce abun murna ne, wancan ya ce cin fuska ne a kwashe dubbai a dawo da 26, wata ta ce ita haushinta ma da Faransanci take wannan maganar don da shi aka koyar da ita. Ba mai sharhi daga waje da ya zo ya yi musu bayanin kansu. Ranar da na kalle shi da aka kunna fitila ba wanda ya tashi, gardamar da ke allo ce kawai ta sauko cikin zaure, muka ƙara kusan awa guda har mai gadi ya fara kaɗa makullai. Da a waya na kalla ni kaɗai da na ce ya yi kyau in juya in yi barci. Shi ya sa kullum nake ce wa masu shiryawa su ware lokacin magana bayan fim, su samu mutum ɗaya mai haƙuri ya riƙe makirfo, kuma kar a bar manyan baƙi su cinye lokacin da jawabi.

Tambaya: Za a haska 20 Days in Mariupol, ƙanena ɗan shekara 11 ya nace sai ya bi ni. In tafi da shi?

Amsa: A'a, bar shi a gida. Fim ne mai daraja, Mstyslav Chernov da abokan aikinsa na kamfanin dillancin labarai na AP sun ɗauke shi a cikin birnin Mariupol na Yukiren lokacin da sojojin Rasha suka yi masa ƙawanya a 2022, kuma shi ne Oscar na farko da Yukiren ta taɓa ci, a 2024. Amma akwai yara da ke mutuwa a gadon asibiti a gaban kyamara, akwai asibitin haihuwa da aka jefa wa bam, akwai ramin da ake zuba gawawwaki, kuma ba kwaikwayo ba ne. Shi kansa daraktan da ya hau karɓar kyautar cewa ya yi da ma bai taɓa yin fim ɗin ba. In yaron na son ya ga dokumentari a babban allo ka jira ranar da za a sa March of the Penguins ko My Octopus Teacher, su ma duk sun ci Oscar, na farko a 2006 na biyu a 2021. Ka dai gaya masa tun a hanya cewa a na biyun akwai inda kifin shak ya cizge wa dabbar ruwan nan mai hannu takwas hannu ɗaya, amma hannun yana sake tsirowa.